Akwati Goma Sha Tara da Ban Buɗe Ba

Bana shekara bakwai ke nan da muka raka Malam Ramalan na Ƙofar Kibo makwancinsa. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara tara, shi ne kuma ya samo mini aikin da na riƙe iyalina da shi. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan ba da 'yar sadaka, in ce a raina na sauke nauyi. Bana na gane ban sauke komai ba. A wajen wani ɗaurin aure aka ambaci sunansa, sai wani dattijo da ke gefena ya ce, "Au, wanda ya sa hannu a kan mataji mai kama wuta?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Haka dai birnin nan ya riƙe shi. Ni kuwa na yi shiru na ci gaba da tauna gorona. Shirun nan shekararsa goma sha biyu a bakina. Laifin da ake jingina wa Malam nawa ne, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Mun yi aiki tare a wani ƙaramin kamfani da ke bayan gari, in an wuce layin dogo. Mataji muke yi, da maɓallan riga, da firam ɗin tabarau. Yau in aka ce roba, abin da yara suka sani shi ne wadda ake yi da man fetur, irin ta bokiti da buta da leda. Tamu ba ita ba ce. Tamu 'yar auduga ce. Bayan an gurje auduga akwai ɗan gashin da ke maƙale a jikin angurya, wanda bai isa a kaɗa zare da shi ba. Shi ake kankarewa a fitar da shi ƙasashen waje, a dafa shi da magunguna, a dawo mana da shi falle-falle kamar alluna, a cikin akwatunan katako masu ɗamarar ƙarfe. Malam yakan yi dariyar abin. Yana cewa manomin garin Giwa ya noma, Bature ya dafa, sannan matar manomin ta saya ta taje kanta.

Robar audugar iri biyu ce, kuma wannan shi ne karatun farko da Malam ke yi wa duk wanda aka ɗauka aiki, har mai gadi. Akwai ta da can, wadda Turawa suka fara yi tun zamanin kakanninmu, ana haɗa ta da kafur. Kyakkyawa ce, tana sheƙi, amma dangin albarushi ce, in tartsatsi ya taɓa ta sai ta tashi bal kafin mutum ya ce wayyo. Saboda gobarar da ta riƙa jawowa aka ƙago ta biyu, wadda in ka kara ta a wuta sai ta narke a hankali tana warin tsami. Da ta biyun muke aiki. Mu a kamfani ba mu damu da sunayensu na Turanci ba, mai kafur da mai tsami muke ce musu. Da ido ba ka bambance su. Malam yana cewa uwarsu ɗaya, amma ɗaya ɗan malam ne, ɗaya ɗan tauri.

Shi ne mai gwajin kamfanin. Ya koyi aikin a wani ɗakin gwaje-gwaje a Samaru, inda ya yi shekaru yana auna zaren auduga. A wurinmu ɗan ɗaki aka ba shi, da sikeli ƙarami a cikin gilashi, da tanda ta busar da kaya, da 'yar fitila mai shuɗiyar wuta. Duk robar da ta shigo sai ta bi ta hannunsa. Zai auna ta, ya busar, ya sake aunawa don ya san ruwan da ke jikinta. Zai tsoma ta a ruwan zafi ya lanƙwasa har ta karye, ya duba bakin karayar. Zai goga ta a hannun rigarsa ta yi ɗumi, ya shinshina. Daga ƙarshe ya kama ta da awartaki ya kara a wuta. In ta wuce duka, ya sa hannu a takarda, sannan injin yankan haƙora ya taɓa ta.

Ni ne mai kula da sito, kuma ni nake kai masa abin gwajin. Ƙa'idarsa ita ce a buɗe kowane akwati, a zaro falle daga tsakiya, ba na sama ba, a yanki guntu, a rubuta lambar akwatin a jikinsa. Aiki ne na yini guda. Sai ka datse ɗamara, ka ɓamɓare ƙusoshi, ka ɗaga fallaye masu nauyi, sannan ka mayar ka rufe. Shekarar farko na yi yadda ya ce. Da na ga kullum sakamakon iri ɗaya ne, sai na fara buɗe rabi. Daga baya na koma buɗe akwati ɗaya tak, in zaro falle ɗaya, in yanyanka shi gwargwadon yawan akwatunan, in bi su da lamba ɗaya, biyu, uku. Shekara uku ina haka babu abin da ya faru, domin daga wuri ɗaya kayan ke zuwa. Da yake mu taubasai ne, mahaifiyata goggonsa ce, duk sanda na shiga ɗakinsa da guntayen sai ya ce, "Ragon Goggo, yau ma an yi gumi?" In ce, "Yaya Malam, bayana kamar ya ɓalle." Ya yi dariya ya miƙo mini goro.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Shigo da kaya daga waje ya gagara, injuna suka yi makonni a tsaye. Manajanmu ya tafi Ikko ya samo ragowar kayan wani kamfani da ya daɗe da rufewa, akwati ashirin. Ranar da mota ta sauke su na ga katakon wasu ya yi baƙi don tsufa, rubutun jikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Ko wawa ya ga haka ya san ranar buɗe kowanne ce. Amma ana zafi, kuma abokaina suna jirana a gindin bishiyar bakin ƙofa, mun fara karta. Na zaɓi akwatin da ya fi sabunta, domin ƙusoshinsa sun fi sauƙin cira. Na yanka guntu ashirin daga falle ɗaya. Na kai wa Malam na koma kan kartata.

A shekarar ya sami kujerar Makka, saura kwana biyu su tafi sansanin alhazai. Ya gwada guntayen duka ashirin ɗaya bayan ɗaya, domin shi ba ya tsallake ko guda. Duk suka wuce. Ya sa hannu, ya zaga ya yi sallama da kowa yana neman gafara, har da ni.

Bayan tafiyarsa da mako guda aka kai ga tsofaffin akwatunan. Injin yana fara cin fallen farko ɗakin ya gauraye da ƙamshin kafur. Masu aiki suka ce sabon samfuri ne, Manaja ya ce mata ma za su fi so. Ba na ɗora masa laifi, shi takarda ya gani da sa hannu. Ni ne na san abin da hancina ke faɗa mini. Na tsaya a bakin sito ina lissafi. In na yi magana za a tambaye ni yadda aka yi mai kafur ta wuce gwaji, daga nan asirina ya tonu. Na ce wa kaina mataji ne fa, wa zai kai mataji wuta? Allah ya tsare injin bai yi tartsatsi ba. Aka yanka, aka goge, aka zuba a kwalaye, 'yan koli suka kwasa.

A Ƙofar Gayan akwai wata mata mai suna Hajara, tana tuyar ƙosai a cikin gida. Wata rana da hantsi tana tsefe kanta, ta kai rabi, sai ta ga wutar murhu na neman mutuwa. Ta soke matajin a gashi, kamar yadda kowace mace ke yi, ta sunkuya ta hura. Abin da ya biyo baya ban gani ba, kuma ba ni da bakin kwatanta shi. Ta rayu. Amma gefen kanta na dama ya tafi, da rabin kunne, gashi bai sake tsirowa a wurin ba.

Kwanan Malam huɗu da dawowa daga Makka, ana ta shiga gidansa ana karɓar dabino da zamzam, mijinta ya zo kamfani da wani mataji irin wanda ya ƙone ta, domin biyu ta saya. Manaja ya jefa shi a kaskon garwashin mai gadi. Wutar da ta tashi sai da ta lashi rufin rumfarsa. Aka aika aka kira Malam, aka kira ni. Manaja ya ajiye takardar a kan tebur.

"Malam Ramalan, wannan sa hannun wane ne?"

"Nawa ne."

Ya juyo kaina. "Kai kuma Idi, ba na son dogon turanci. Ka buɗe akwatunan nan duka ko ba ka buɗe ba?"

Na ce, "Wallahi na buɗe, ranka ya daɗe."

Malam ya dube ni sau ɗaya, ba da tuhuma ba, duban wanda ya yarda da abin da ya ji. Sai ya ce, "To, ni ne na yi kuskure ke nan. Hankalina yana kan tafiya." A ranar aka sallame shi. Ya ɗauki butarsa da wani gwangwanin madara da yake ajiye guntayen gwaji, ya tura kekensa ya fita. Ni na ci gaba da aiki har shekara shida, sai da kamfanin ya rufe don kansa.

Abin da ya yi bayan nan mutanen birni sun gani, sai dai sun ɗauke shi taɓuwa. Kamfani ya janye abin da ya rage a hannun manyan dillalai, ya ce ya gama nasa. Malam ya ce waɗanda suka shiga gidajen mutane fa? Ya sa wani masassaƙi ya yi masa matazan katako, ya cika jaka, ya hau keke. Kasuwar birni, Tudun Wada, Sabon Gari, har kasuwannin ƙauye ranar cinsu. Ya tsuguna gaban ɗan koli ya ɗauki mataji, ya goga a hannun riga, ya kai hanci. In ya ji kafur ya karɓa ya ba da na katako. Yakan tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya roƙi maigida a fito masa da matazan matan gidan. Wasu sun kore shi. 'Yan kasuwa suka sa masa suna Alhaji Shinshina. In ya doso sai ka ji ana cewa, "Ku ɓoye kayanku, ga mai hanci nan!" Shi kuwa sai ya ce, "Kai dai kawo, in na gama da mataji hularka zan shinshina." Abin da ya tara yakan fita da shi bayan ganuwa ya ƙone kaɗan-kaɗan a cikin rami. Ya fi shekara yana wannan yawo. Ban taɓa raka shi ko sau ɗaya ba.

Daga baya ya zauna a zaurensa yana gyaran tabarau. Yakan zafafa yashi a kasko, ya tura firam a ciki ya yi laushi, ya daidaita shi da fuskar mai shi. Da wannan ya ƙarasa rainon 'ya'yansa. Ni kuma duk Juma'a in an sauko ina gidan, ina cin tuwonsa, yana ce mini Ragon Goggo.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Zariyar yau. Kamfaninmu ya zama kango, awaki ke kwana a ɗakin gwajinsa. Robar auduga ta ɓace, ta fetur ta cika gari. Leda ta toshe kwatocin Ƙofar Kibo, ga ruwan leda da aka fito da shi yanzu, kowa ya tsotsa ya yar. Ka sayi mataji yau, jibi haƙoransa sun zube, ba ka san inda aka yi shi ba balle wanda ya gwada shi. Ina jin ledar ba za ta dame shi kamar wannan na ƙarshen ba. Shi a ganinsa duk abin da zai shiga hannun mutane dole a sami wani mutum guda, mai suna da unguwa, da zai ce na duba, in ya cuce ku ni za ku nema. Da yana nan da ya tsinci ledar ruwan nan ya ja ta, ya ɗaga ta a rana, ya tambayi mai sayarwa wa ya sa hannu. Da kuma an yi masa dariya kamar da.

Shekara biyar bayan sallamarsa ciwon ajali ya kwantar da shi. Wata Talata da la'asar na je da niyyar in faɗa masa gaskiya. Na zauna na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar magani da zafin gari. Da ya gaji da ni sai ya ce in miƙo masa gwangwanin madarar nan daga kan taga. Ya zazzage guntayen a kan tabarma. Ashe yakan raba kowane guntu biyu, ya gwada rabi ya ajiye rabi. Ya riƙa jera su da yatsa, na ɗaya kusa da na biyu, na biyu kusa da na uku. Bakin kowanne ya shige cikin na kusa da shi. Zanen jikin robar ya miƙe daga farko har ƙarshe babu yankewa.

Ya ce, "Kwana shida da barina aiki na jera su. Falle ɗaya ne, Idi."

Na kasa ɗaga kai. Da ƙyar na ce, "Yaya Malam, me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? 'Ya'yanka shida a lokacin. Goggo kuma tana da rai, kai kaɗai gare ta." Ya huta, sannan ya ce, "Kuma kada ka ɗauka ni na fita. Shekara uku kana shigo mini da rigarka fes, babu ko tsatsar ƙusa a hannunka, ina yi maka ba'a maimakon in bi ka sito. Na gwada roba ban gwada wanda ya kawo ta ba. Sa hannun nawa ne."

Na fara kuka ina roƙonsa gafara. Ya ce, "Ni nawa na yafe tuntuni, daina jiƙa mini tabarma. Amma akwai wanda ba ni da ikon yafewa. Ka je wurin matar nan ta Ƙofar Gayan. Sau uku ina zuwa, ko sallamata ba ta amsa ba, kuma tana da gaskiya. Ka je ka faɗa mata da bakinka." Na yi masa alkawari. Bayan kwana tara ya cika.

Ban je ba. Wannan shi ne laifina na uku, kuma ina ganin ya fi na farkon muni, domin na farko lalaci ne, na biyu tsoro, wannan kuwa da saninsa na yi, shekara bakwai. Na sha kama hanyar Ƙofar Gayan in ɓuge a wani wurin. Na ce bari Goggo ta kwanta dama, ta kwanta dama ban je ba. Na ce bari in aurar da 'yan matana kada a goranta musu, na aurar ban je ba.

Kashegarin ɗaurin auren da na ambata na tashi na tafi. Na sami ɗanta babba na ce ina son magana da mahaifiyarsa. Ta fito zaure da lulluɓi har goshi, ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Ta manyanta. Na faɗi sunana da aikina, na ba ta labarin tun daga karta har gwangwanin madara, ban rage komai ba.

Da na gama ta ce, "Dogon nan mai keke, da ya riƙa zuwa da man shafawa a kwalba?"

Na ce shi ne.

"Na sa yara suka zubar da man a gabansa." Ta gyara lulluɓinta. "Malam, ka san abin da ka yi mini? Kaina ya warke tuntuni, na saba da shi. Amma shekara goma sha biyu babu sallar da zan idar ban kai ƙarar mutumin nan wurin Allah ba, da sunansa. Da na ji ya mutu ban ce Allah ya jiƙansa ba. Yanzu ka zo ka ce ba shi ba ne. Duk waɗannan addu'o'in ina zan kai su?"

Ɗan nata ya miƙe yana huci, ta ce masa, "Zauna, ba da kai aka yi ba." Ta tambaye ni ko Malam ya bar iyali. Na ce matarsa tana nan, da 'yarsa Binta da ke aikin ofis a unguwar Kongo, nan Zariya. Ta ce a kwatanta wa ɗanta gidan. Da na tashi tafiya na ce, "Hajiya, ni fa?" Ta ce, "Kai ka ɗauki shekara goma sha biyu kafin ka zo. Ni ma ka ba ni lokaci."

Ta je gidan ranar Juma'a, ta yini. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai riga ta zuwa na faɗa wa iyalinsa, domin bai kamata su ji a bakin wani ba. Ashe ko matarsa Malam bai taɓa gaya wa ba. Binta, wadda na goya tana jaririya, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kawu Idi, a makaranta 'yar Shinshina ake ce mini. A zaure ka faɗa mana, amma ba a zaure aka ɓata shi ba." Ita ta nuna mini inda ake kai rubutu a jarida.

In aka auna abin da Malam Ramalan ya bari, ba shi da yawa a ido. Sana'arsa ta mutu kafin shi, kamfanin ya bi ta, ko kayan gwajinsa ban san wanda ya kwashe ba. Amma akwai matan da suka tsufa da gashinsu da kunnuwansu a birnin nan da ƙauyukan kewaye, ba su san wani ya taɓa tsayawa a ƙofar gidansu ya musanya musu mataji ba, ko kuma sun sani suna tuna shi a matsayin wani mai taɓin hankali. Ba wanda zai iya ƙidaya su, shi ma bai ƙidaya ba. Sai kuma sunansa, wanda ya ba ni aro na fake a ciki ni da 'ya'yana, ban mayar ba sai yau.

Saboda haka duk wanda ya taɓa cewa Malam Ramalan ne ya saki mataji mai kama wuta, ina roƙonsa ya gyara. Ya gwada abin da aka kai masa, kuma ya gwada shi daidai. Wanda bai buɗe akwatunan ba, ya ji kafur ya yi shiru, ya rantse a kan ƙarya, sunansa Idi, yana nan da rai a Ƙofar Kibo, ana ganinsa a masallaci. Wanda ke da magana ya same ni. Shi kuwa ku bar shi ya huta. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ƙarar da aka yi ta kaiwa a kansa ta zame masa lada. Ni har yanzu ina jiran amsa daga Ƙofar Gayan.